Duwatsun da Kawu Yake Kawo wa Inna

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, na zauna a bakin ƙofar ɗakin Inna ina sauraron masu gaisuwa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma: wannan kowa ya faɗa, kuma ba na shakkar kowa. Abin da ke biyo baya ne ya gagari mutane. A garinmu idan an yi rasuwa sai an lalubo wa mamaci wani alheri an yafa masa, wane mai kyauta ne, wane ba ya ganin mutum a hanya ya wuce. To a kan Kawu sai ka ji mutum ya ɗauko, "Allahu akbar, ai mutum ne mai..." sai ya tsaya, ya haɗiye miyau, ya ƙarasa da "mai tafiya."

Wata tsohuwa da ta taso tun daga Attantane ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ce, "Allah shi jiƙanshi. Ya taɓa iske ni tsakar rana da dami a kai, ga ƙaya a ƙafa. Wallahi ya ɗaga mani hannu." Mata suka cusa baki cikin hijabi, kafaɗu na rawa. Ban ga laifinsu ba, don ni ma dariyar ta taso mini.

Liman ne ya ceci zaman. Muna jiyo shi ta bayan danga, wajen maza, yana cewa, "Duk wanda ya san marigayi ya san shi da zumunci. Ku nuna mani mutum guda a ƙasar ga da ke tashi kowace shekara shi keta daji har Azbin, don kawai shi gaida yayar matarshi." Nan da nan kowa ya samu abin faɗa. Kafin la'asar Kawu ya zama mai zumunci a bakin gari duka. Inna, matarsa, tana zaune kan tabarma da carbi tana gyaɗa kai. Ita ma da wannan ta daɗe tana lallashin zuciyarta.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce. Uwata ta rasu ina kan nono, Inna ta ɗauke ni, saboda haka a gidansa na yi wayo, tuwonsa na ci, tsawarsa na sha. Na ce zan rubuta shi yadda yake, don ban ga alamar wani zai yi ba, kuma ba na so a manta da shi. An ce a ambaci mamaci da alheri. Zan ambata, iyakar wanda na samu. Sauran kuwa ba ni na aikata ba.

Kawu malamin dabbobi ne a da, mai yi wa shanu allura, aikin da ya saba masa da babur da daji. Da ya bar aiki ya dawo noman gero da wake, sai ya sayi wani jan babur mai dogayen ƙafafu, irin na jeji. Ranar da ya saye shi bai kawo shi gida ba sai da ya biya wurin mai walda a Tasawa, ya sa aka yanke mazaunin baya, aka cire matakin ƙafar fasinja, aka liƙa ƙarfe mai gurbi biyu, ɗaya na bidon esansi, wato jarkar fetur, ɗaya na bidon ruwa. Mai waldar har roƙonsa ya yi, wai sabon abu ne, kada a ɓata. Kawu ya ce, "Yanke. Abin da babu shi ba a roƙonshi."

A duba fa, a gari irin namu, inda babur shi ne motar likita, shi ne motar biki, shi ne ɗan aike. Mutum ya mallaki babur mafi ƙarfi a karkara, ya ce ko kaza mai rai ba ya ɗauka. Idan an yi magana sai ya ce, "Duk wanda ka ɗauka, da fitsarinshi ka ɗauko shi, da yunwarshi, da surutunshi." Ba ya tambayar hanya, ba ya ɗaga kai ya karanta pano, allon nan na gefen hanya. Wannan ma da maganarsa a kai, har yara sun haddace: "Alama ta wawaye ce. Wanda ya san inda za shi ba ya neman alama."

Wata damina maciji ya sari maƙwabcinmu a gona. Aka rugo wurin Kawu. Ya tada babur cikin ruwa da taɓo, ya je har Mayahi ya taso ma'aikacin jinya a gaba da magani, kowa a kan baburinsa. Mutumin ya rayu. Amma har ya koma ga Allah bai san ko godiya zai yi wa Kawu ko Allah ya isa ba, don da an ɗora shi tun farko da bai rasa yatsun ƙafarsa ba.

Da an gama kaka, gero ya shiga rumbu, wake ya shiga buhu, sai ƙafar Kawu ta fara ƙaiƙayi. Ya baje babur a tsakar gida, ya wanke ƙarafa cikin farantin Inna na baƙi, ya mayar. Wata safiya bayan sallar asuba sai ka ga ya naɗa rawani ya ɗora kaske, hular kwanon nan, a kai, shi ke nan, sai an fara maganar sharar gona za a sake ganinsa. Ya dawo baƙi ƙirin, ya rame, leɓe duk ya tsage, amma fuskar nan a sake, irin sakin da mu mutanen gidansa ba mu taɓa jawo masa ba.

Kai, Kawu ya iya labari! Wannan ko maƙiyinsa ya ba shi. Idan ya zauna a zaure bayan la'asar, har masu zaginsa sai sun raɓo. Ya ba da labarin gandun dajin W, can kusurwar ƙasa, yadda malaman daji suka hana shi shiga da babur, ya bi gefe har ya iske inda giwaye ke sauka ruwa, ya kashe inji ya zauna bai ko kori ƙuda ba har suka gama. Ya ba da labarin barewar Gadabeji da ke tsayawa ta kalle ka kamar ta san ubanka. Ya ba da labarin baƙaƙen duwatsun Tarmit da ke ƙara idan zafin rana ya fara sakinsu. Mu kuwa mutanen rairayi, ƙasar da ko dutsen jifar akuya sai ka nema, sai mu saki baki. Amma idan ya zo kan Bagzan, dutsen Azbin, muryarsa ma canzawa take yi. Ya ce dutse ne ya miƙe kamar garu har wuya ya gaji da kallo, a samansa kuma akwai garuruwa da gonaki, jaki ne kawai ke hawa. Ya ce a gindinsa ruwa na fitowa daga cikin dutse, sanyinsa sai haƙori ya amsa, ga lambunan albasa da alkama, ga rumman, ga lemu.

Duk wannan Inna tana bayan ƙofar zaure da tsintsiya a hannu, tana sharar wurin da ta riga ta share. Bagzan ɗin nata ne. A gindinsa aka haife ta. Tana yarinya aka yi babban fari, ubanta ya koro 'yan dabbobin da suka rage ya yo kudu, ya zauna kusa da Attantane har ya mutu. Yayarta guda ce tak, uwa ɗaya uba ɗaya, ita an riga an yi mata aure, sai aka baro ta can. Mu yara muna ce mata Innar Dutse. Sau ɗaya ta taɓa zuwa, bikin auren Inna, daga nan ba su sake haɗa ido ba. Daga bakin Inna Kawu ya fara jin sunan Bagzan, tana amarya tana ba shi labarin gida. Ya ji, ya yi sha'awa, ya tafi ya gani, ya bar mai labarin a tsakar gida.

Inna ba ta taɓa roƙon Kawu zinari ba, ba ta taɓa roƙonsa kujerar Makka ba. Abu guda take so a duniya: ta ga yayarta kafin ɗayansu ta mutu. Kowa a gidan ya san wannan. Amsar Kawu ma kowa ya sani: "Baɗi."

Shi kuwa wannan yayar ita ce ta rufa masa asiri a gari. Magidanci ya bar iyali ya tafi kallon duwatsu da namun daji, ai sai a ce a ɗaure shi a yi masa rubutu. Amma idan an ce ya tafi gaida yayar matarsa, wa zai yi magana? Zumunta a ƙafa take, in ji shi, yana ɗaure kaya. Ko da W za shi, ko Tarmit, ta Azbin yake farawa ko ya ƙare, don bakin mutane.

Tun kafin tafiyar Inna ba ta zama. Ta soya ƙuli-ƙuli, ta daka yaji, ta ƙulla daddawa da busasshiyar kuɓewa, ta auno gero mai kyau, ta sayi turmin zane da kuɗin akuyarta. Ta jera masa saƙon baki: ka ce mata ɗan fari ya yi aure, ka ce mata haƙorina na gaba ya faɗi, ka ce mata ina nan tafe.

Wata shekara ta gaji. Ina nan tsaye, ina 'yar budurwa lokacin. Kawu ya fito da babur, sai ga Inna ta ci ado, ta sha lalle, da ƙunshinta a hannu, ta tsaya a gaban taya.

"Malam, bana ƙafata ƙafarka."

Ya dube ta daga sama har ƙasa. "Ina za ki zamna?"

"Ko kan bidon ne."

"To wanne zan aje, na esansi ko na ruwa? In babur ya tsaya a daji ke zan ɗura mishi?"

Yara suka fashe da dariya, don ya iya faɗar magana. Inna ba ta motsa ba. Ta ce, "To ka bar ni in shiga mota zuwa Agadas, daga can in nemi hanya."

"Matata ba ta hawa kamiyon albasa. Baɗi ni da kaina zan kai ki."

Ya miƙa hannu ya karɓi ƙunshin, don tsarabar na ciki, ya ɗaure a kan ƙarfen nan, ya kewaye ta ya wuce. Ta tsaya har ƙarar ta ɓace. Sannan ta shiga ɗaki ta tuɓe adon, ta fito ta ɗauki taɓarya. Ran nan ba wanda ya yi gigin yi mata magana, furar kuwa ta daku fiye da kullum.

Na ce zan ambaci alheri, to ga shi. Aurena na fari a wani ƙauye aka yi, wajen El Alasan, kuma mijin mai saurin hannu ne. Na ɓoye, na ɓoye, har labari ya iske Kawu. Bai aiko kowa ba. Ya zo da kansa, ya tsaya a ƙofar masallaci bayan azahar, gaban dattawan garin, ya ce wa mijin, "Mutum na ba ka, kai ka ɗauka jaka ce. Sakar mani ɗiya yanzu, ina da nisa." Wallahi nan take mutumin nan ya sake ni. Ran nan da an ce in kwanta Kawu ya taka ni da na kwanta. Ya ɗauko akwatina ya ɗaure a bayan babur. Na tsaya ina jiran ya ce in hau wani wuri, ko kan tanki ne. Sai ya ce, "Ki biyo sawun taya, ba ki ɓata." Haka na taka cikin rairayi, da kumburin ido, har gida. Duk inda na iske inuwar gawo sai in ga ya aje mini ruwa a gindinta, shi kuwa ya yi gaba. Ban san yadda zan kira wannan ba, amma na sha ruwan.

Idan ya dawo daga Azbin yakan kawo wa Inna cuku da dabino daga Innar Dutse. Cukun nan siriri ne, da zanen tabarmar da aka shanya shi a kai, Inna ta san shi kamar tafin hannunta. Takan gutsura kaɗan kaɗan, ta ja shi har damina. To wata shekara ta gutsura, ta tauna, ta tsaya.

"Malam, wanga ba hannun Yaya ba ne."

"Ta tsufa. Surukarta ka yi yanzu."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani baƙin dutse mai santsi, kamar dunƙulen hannu, ya aje mata a cinya. "Ga wanga, daga bakin ɗakinta na ɗauko. Kin ce kina kewar Bagzan, to ga Bagzan."

Wayyo, murnar da matar nan ta yi! Ta shinshina shi, ta goga a kunci. Tun daga shekarar, kowace tafiya da dutse yake dawowa. Ta jera su a gindin bango, ƙarƙashin gado, tana goge su da tsumma, yaro bai isa ya taɓa ba. Idan ba ta da lafiya da ɗayansu take taimama. Saƙon baki daga Innar Dutse ma bai yanke ba. Ta ce zanen ya yi mata kyau. Ta ce gwiwa ke damunta. Ta ce ki rage yaji a ƙuli-ƙuli, haƙoranta sun yi rauni. Inna ta rage yaji, har ta koma daka ƙulin ya zama gari don kada Yaya ta wahala.

Da waya ta shigo ƙauyuka Inna ta ce a haɗa ta da yayarta. Kawu ya ce babu rezo a dutse, waya ba ta kamawa. Da aka ji labarin rezo ya kai garin da ke kusa da su, sai ya ce kunnenta ya mutu, ko ganga ba ta ji. 'Ya'yansa maza sun girma, wani a Maraɗi, wani a Yamai, kowannensu zai iya sa uwarsa a mota, amma wa ya isa ya tsallake maganar Kawu? Ga hanya ta lalace da tsoro, shi kansa ya daina zuwa W, sai Azbin kawai, yana bin bayan rakiyar soji. Ana haka ciwon yana ya fara rufe idon Inna. Har bara ta soya ƙuli da lalube.

Ƙarshen bazara ya faɗi a gona yana shara, ɓarin jiki ya mutu, baki ya karkace. Yanzu babura sun yi yawa a gari, samari suka kawo nasu, za a sa shi a tsakiya a riƙe. Da rabin bakin da ya rage masa ya ce, "Ba a goya ni." Dole aka shimfiɗa shi a amalanken shanu, Inna ta zauna ta tallafi kansa. A hanyar Mayahi ya kama hannunta ya ƙanƙame, yana ta motsa baki, magana ta ƙi fita. Ta ce, "Bari wahal da kanka, Malam. Na yafe maka, duniya da lahira." Ba su kai likita ba.

Wanmu babba, ɗan Kawu na fari, ya ɗauki wayar marigayi yana kiran duk lambar da ya gani yana sanarwa. Ran addu'ar bakwai da hantsi aka yi sallama, wai baƙo daga Azbin. Dogon mutum ne da baƙin rawani, furfura ta fara fito masa. Ɗan Innar Dutse ne. Na kamo hannunsa har gaban Inna, ya durƙusa. Ta lalubi fuskarsa da hannu biyu, tana kuka tana dariya, ta jawo 'yan kalmomin Tamajak da suka rage mata, suka ƙare, ta koma Hausa.

"Ɗana, Yaya ba ta samu zuwa ba ko? Gwiwar ce?"

Ya ɗago ya dube ni. Ya sake duban ta. Ya zaci tsufa ne ko zafin rashi, sai ya tausasa murya. "Inna, Allah shi ba da haƙuri. Mu ba mu da bakin godiya. Duk shekara sadakarki tana isowa, gero da zane da ƙuli, muna rabawa a ƙofar masallaci da sunan marigayiya. Ko mu da ta haifa ba mu riƙe ta haka ba."

Inna ta ce, "Wace marigayiya?"

Ba zan manta yadda mutumin nan ya ja rawani ya rufe bakinsa ba. Da ƙyar muka tattaro maganar. Innar Dutse ta daɗe da rasuwa. Jikar da aka haifa bayan rasuwar, aka sa mata sunanta, bana aka yi mata aure. Kawu ya iso garin ana zaman makoki. Ya ce shi zai kai wa ƙanwarta labari da bakinsa. Da ya koma wata shekarar ya ce musu ya faɗa, ta yi kuka ta haƙura, amma tansiyo, hawan jini, ya kama ta, likita ya hana ta tafiya, ya hana a tada mata zancen ko ta waya. Suka yarda, don me zai sa dattijo ya yi ƙarya?

Inna ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya ta laluba ƙarƙashin gado, ta jawo dutse ɗaya ta miƙa masa. "Wanga fa?"

Ya juya shi a hannu. "Na maƙabartarmu ne. Mu da duwatsu muke rufe kabari. Duk zuwan da ya yi sai ya je ya yi mata addu'a, in zai tashi ya ɗauki ɗaya daga gefen kabarin. Mun taɓa yi mishi magana, ya ce ke kika ce a kawo maki."

Ta karɓa ta riƙe a cinya. Can ta ce a kawo wa baƙo fura, ya sha hanya.

Wanmu babba cewa ya yi tausayi ne, Baba bai so ya karya mata zuciya ba. Ni kuwa na ce ƙarya ne, kuma a gabansa na faɗa. Da Kawu ya kawo labarin mutuwar nan, babu sauran baɗi. Gaisuwar mutuwar 'yar'uwa ba a hana mace, liman da dattawa da kansu za su ce ya kai ta. Sai ya cire bidon ɗaya, ko ya zauna da ita a mota kamar kowa. Ya auna matar da ta haifa masa 'ya'ya da bidon esansi, bidon ya fi nauyi. Daga baya kuma ƙaryar ta girma ta fi ƙarfinsa. Duwatsun kuwa, Allah kaɗai ya san abin da yake nufi da su. Wataƙila iyakar gaskiyar da ya iya faɗa ke nan. Inna ba ta ce da ni na yi daidai ba, ba ta ce da ɗanta ya yi daidai ba. Abu guda ta tambaye ni, wata rana ina tsefe mata kai: "In mutum ya yafe abin da bai sani ba, ya yafu?" Na ce ban sani ba, a tambayi liman. Ta ce a bar liman ya huta.

Kafin ya koma Maraɗi wanmu ya shigo ya durƙusa. Maƙabartarmu rairayi ce, kabari ba ya daɗewa a tsaye. Ya ce, "Inna, duwatsun nan, a ba mu mu kewaye kabarin Baba da su. Shi mutumin duwatsu ne, kuma shi ya sha wahalar kawo su."

Ta ce, "Na Yaya ne."

Ya fita yana gunaguni. Aka ba shi shawara ya sa ko fasasshiyar tukunya ce, ya ƙi, wai ubansa ya fi ƙarfin katangar tukunya, fushin mata ne, kafin arba'in za ta huce. Ya kafa wani reshe ya tafi. Babur kuwa aka sayar wa wani yaro a Tasawa, ya mayar masa da mazauni. Na gan shi ran kasuwa yana kabu-kabu, da mata biyu da buhun wake a baya.

Inna ta yi takabarta cif, ba ta rage ko yini ba. Damina ta zo da ƙarfi ta wuce. Ta fita takaba daidai lokacin da gero ke shiga rumbu, lokacin da Kawu kan baje babur. Ta ce in ɗauko kwando. Ni na raka ta. Muka shiga mota zuwa Agadas, daga can ɗan yayarta ya sa mu a kamiyon albasa da ke komawa wayam, kwandon na kan cinyarta, ta ƙi a ɗora shi a baya.

Da hantsi muka iso gindin Bagzan. Na sauko da ita, na juya fuskarta wajen dutsen. Ta buɗe idon nan fari fat, ta daɗe. Ta ce, "Duhu kawai nake gani ta wajen ga. Shi ne?" Na ce shi ne. Ta ce, "Gaya mani yadda yake." Na buɗe baki, sai na ji maganar Kawu ce ke fitowa: ya miƙe kamar garu, wuya na gajiya da kallo, ga lambuna a ƙasa, ga ruwa na fitowa daga dutse. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. A kan dutsen bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Wurin ya fi yadda ya faɗa kyau, kuma ya bar ta sai da idonta ya mutu.

Aka kai mu kabarin. Ta gefe ɗaya akwai gurbi, inda ake ta zarewa. Inna ta durƙusa, tana ɗauko dutse daga kwando, ta laluba, ta sa shi a wurinsa. Tana yi tana magana ƙasa ƙasa, tana ba yayarta labarin da ta riƙa aikowa bai iso ba: ɗan fari ya yi aure, haƙori ya faɗi, ga ni na zo. Da ta gama ta kife kwandon ta kakkaɓe. Ɗan yayarta ya ɗaga hannu aka yi wa uwarsa addu'a, sannan ya ce a haɗa da Kawu. Inna ta ce, "Ku yi mishi, yana bukata." Ta bar hannunta a kan duwatsun.

Da muka dawo gida muka iske wanmu babba ya zo, hankalinsa a tashe. Ya je ziyara bai gane kabarin ba. Ruwa ya shafe layin duka, reshen ya bi ruwa ko awaki sun ture shi. Masu haƙa suka ce tsakanin waccan aduwa da wancan tudu ne, wani ya ce nan, wani ya ce can. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Allah ya jiƙan Kawu, ya yi masa da rahamarsa, don in da halinsa za a bi, akwai aiki. Na ci tuwonsa, na sha ruwan da ya aje mini a inuwa, kuma ban iya daina jin haushinsa ba.

Wanmu ya shiga ɗakin Inna da jan ido. Ya ce, "Inna, don Allah, ko guda bai rage ba? In an yi dace aka gano wurin, a samu abin ajewa."

Tana zaune tana ɓare gyaɗa da lalube. Ba ta ɗago ba.

"Ko tsakuwa ban bari ba. Kuma mi za ka yi da shi? Ubanka ya ce alama ta wawaye ce. Ya san inda ya tafi."